Inda daɓe ya gamu da bango

Duk yarinyar da ta saba sharar ɗaki da safe ta san wurin da tsintsiya take shan wuya. Tsakiyar ɗaki ba ta da wahala, nan da nan an gama. Amma gindin bango, inda daɓe ya ƙare bango ya tashi, can ƙura take taruwa, can tsabar hatsi take maƙalewa, can kuma ake fara ganin tsaga. Da wuya daɓe ya fara lalacewa daga tsakiya. Daga gefe yake somawa, ko kuwa daga bakin ƙofa.

Tsagar nan ƴar ƙarama ce da farko, da ƙyar tsinke yake shiga. Amma ta ishi gara hanya. Ta nan take fitowa cikin dare ta ci tabarma, ta ci ƙafar gado, ta ci littafin da yaro ya ajiye a ƙasa. In tsagar ta ƙara buɗewa sai kunama ta samu ɗaki, ga shi kuwa harbinta yana da haɗari ga ƙananan yara masu kwana a ƙasa. Ruwan da ya zube a ɗaki shi ma can yake gangarawa, ya jiƙa gindin bango, bango ya riƙa zagwanyewa daga ƙasa ba wanda ya sani. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, gefen daɓe ma haka ne.

Ɗakunan ƙasar Dakwaro

Dakwaro tana arewa da Maraɗi, wajen kilometir 120. Ƙasar yawancinta jigawa ce, rairayi ne mai laushi. Mai neman laka ta gini sai ya gangara kwari ko bakin tabki. Ruwan sama ba shi da yawa, a yawancin shekaru tsakanin milimetir 300 da 400 ne, amma in ya zo yakan zo da ƙarfi, ya cika tsakar gida cikin sa'a guda.

A cikin gari soraye masu kusurwa huɗu sun fi yawa. A ƙauyuka kuwa, wajen Kwarnaka da Birnin Lalle da sauransu, har yanzu ana ganin ɗakuna kewayayyu masu jinka, ga kuma rumbuna, su ma kewayayyu. Masu ginin nan ba su yi kuskure ba. A ɗauki ɗaki kewayayye mai faɗin metir 4. Tsawon bangonsa, in an zagaya, metir 12,56 ne. In ana son ɗaki mai kusurwa huɗu wanda cikinsa zai yi daidai da na wancan, sai an gina bango na metir 14 da ɗoriya. Kewayayyen ɗaki ya fi sauƙin laka ke nan, ya fi sauƙin ruwa, ruwa kuwa ba abin wasa ba ne a ƙasar da rijiyoyi suke da zurfi.

Sai dai kewayayyen ɗaki yana da tasa wahalar. Bangonsa a lanƙwashe yake, kayan aiki kuwa yawancinsu miƙaƙƙu ne. Madaɓi miƙaƙƙe ne, katako miƙaƙƙe ne, karo ma haka. Haɗa miƙaƙƙen abu da lanƙwasasshen bango, ba tare da an bar kafa ba, shi ne aikin da ke raba gwani da ɗan koyo.

Daɓen mata

Daɓe aikin mata ne. An fi yin sa bayan kaka, sa'ad da aikin gona ya ƙare, musamman in buki ya matso ana shirya ɗakin amarya. Uwar gida takan gayyaci maƙwabta, a dama fura, a raba goro. Kowace mace ta zo da madaɓinta.

Da fari sai a share ɗakin, a baje ƙasa, a yayyafa ruwa. A zuba laka wadda aka garwaya da tsakuwa, a daidaita ta. Sa'an nan mata su durƙusa a jere su yi ta bugu, suna waƙa, madaɓai suna sauka tare. Suna bugu ana yayyafa ruwan jiƙo. A kudu, wajen Madarunfa da ƙasar Katsina inda ɗorowa take, makuba ake jiƙawa, watau ɓawon ƴaƴan ɗorowa. Ɗorowa ba ta son ƙasa mai ƙarancin ruwa irin ta Dakwaro, saboda haka mai son makuba sai ya saya a kasuwa. Abin da ke kusa shi ne bagaruwa. Ana daka ƴaƴanta, a jiƙa su kwana ɗaya ko biyu, ruwan ya yi duhu. Wanda ya taɓa ɗanɗana bagaruwa ya san baurinta. Abin da ke kawo baurin nan, shi ne majema suke nema don jimar fata, shi ne kuma ke sa fuskar daɓe ta yi tauri, ta yi duhu, ta rage shan ruwa.

Ƴanmata sun fi son tsakiya, don can hannu yake sakewa, can waƙa take daɗi. Gefe kuwa akan bar wa tsofaffi, kuma ba don a hutar da su ba ne. Babban madaɓi ba ya kaiwa gindin bango. In aka kwantar da shi a jikin lanƙwasa, kansa da gindinsa ne za su taɓa bango, tsakiyarsa ta bar fili. In aka matsa da ƙarfi sai ya ɓantare yaɓe. Don haka tsohuwa takan riƙe ƙaramin madaɓi, ko ɗan dutse mai sulɓi wanda ya cika tafin hannu, ta bi gefen kaɗan-kaɗan, taƙi bayan taƙi.

Kafin ta sa laka, abu biyu take yi. Tana kankare gindin bango da tsinin wuƙa ko guntun ƙarfe, ya yi kaushi. Sa'an nan ta jiƙa shi. In yarinya ta tambaya, "Iya, don me ake jiƙa bango, ba ƙasa ake daɓewa ba?" sai ta ce, "Ƴar nan, bango yana jin ƙishirwa. In ba ki ba shi ruwa ba, na lakarki zai sha." Gaskiyarta ne. Busasshen bango yakan tsotse ruwan sabuwar laka nan take, wurin haɗuwar ya bushe tun bai kama ba.

Bayan wannan sai ta murza laka kamar igiya mai kauri, ta kwantar da ita a gindin bango, ta danna. Ba ta barin daɓe ya tsaya cak a jikin bango. Takan hau da shi sama, misalin yatsa huɗu, ta shafe wurin da bayan sakaina. Sakaina tana da lanƙwasa tun daga ƙwaryar da ta fito, saboda haka inda ta bi sai ya zama kamar cikin akushi, ba lungu ba kusurwa. Tsintsiya ta zo ta wuce sumul. Ruwa ya zube, ya taɓa gefen, ya komo tsakiya inda za a gan shi a goge.

Aiki bai ƙare ran gayya ba, ko da yake mutane da yawa haka suke zato. Laka tana ƙanƙancewa in tana bushewa. Bango ya riga ya bushe tun tuni, ba ya motsi. Sabon daɓe kuwa yana janyewa zuwa tsakiya, sai ya rabu da bango. Shi ya sa bayan kwana biyu ko uku akan ga wata siririyar tsaga ta zagaye ɗakin kamar zare. Mai haƙuri takan komo a lokacin, ta yayyafa ruwan bagaruwa, ta sāke bin gefen da dutse tun laka tana da sauran danshi, har tsagar ta rufe. Ta yi haka sau biyu, sau uku. Tana kuma rufe ƙofa da tabarma, don kada iskar hunturu ta busar da daɓen da gaggawa. Lakar da ta cika danƙo ta fi tsagewa, maganinta a ƙara mata rairayi da tsakuwa. Rairayi kuwa ba a sayen sa a Dakwaro.

Dokin ƙofa da matakala

Ba wurin da ke shan ƙafa kamar bakin ƙofa. Mai shiga ya taka, mai fita ya taka, akuya ta taka, a ja turmi a kai. Shi ya sa ake tayar da dokin ƙofa, ya fi daɓen ɗaki tsawo, shi kuma daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, ko da taƙi guda ne. In ɗaki ya fi tsakar gida kwari, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi cikinsa zai zama tabki.

Bakin dokin ƙofa ba a barin sa da kaifi. Kusurwa mai kaifi ita ce ta fara ɓantarewa, don nauyin mutum duka yana sauka a kan ɗan siririn wuri. Ana murza bakin ya yi kamar bayan tulu. Haka ake yi wa bakin dakali da bakin matakala.

Matakala tana da ƙa'ida wadda magina suke bi. Tsawon kowane mataki ya kasance santimetir 15 zuwa 17, faɗinsa wajen santimetir 30, yadda ƙafar babban mutum za ta zauna duka. Abin da ya fi kome shi ne matakan su yi daidai da juna. Ƙafa tana da wayo. Da ta hau mataki na fari da na biyu ta riga ta auna, ba ta sāke tambayar ido. In na uku ya fi su da santimetir 2 ko 3, sai tuntuɓe. Wanda ya faɗi yakan ce bai duba ba ne, alhali laifin magini ne. Ana kuma ɗan karkatar da fuskar mataki waje kaɗan, don ruwa ya sauka tsakar gida, kada ya kwanta a jikin bango.

Siminti da kwalba

Yanzu gidaje da yawa da azuzuwan makaranta da siminti ake daɓe su. Nijar tana da masana'antar siminti a Malbaza, cikin jihar Tawa, ana kuma shigo da wani daga Najeriya. Buhu guda kilo 50 ne. Don shafen ƙasa magini yakan haɗa awo 1 na siminti da awo 3 na rairayi mai tsabta.

Kayan sun sāke, amma dabarar tsohuwa tana nan. Magini ma yana jiƙa gindin bango. Shi ma yana hawa da shafe sama, misalin santimetir 10. A maimakon sakaina, kwalba yake ɗauka. Ya kwantar da ita a lungun, ya ja ta a hankali yana bin bango, sai ta bar lanƙwasa mai sulɓi, iri ɗaya daga farko har ƙarshe. A bakin matakalar da jama'a suke hawa da yawa, kamar ta makaranta ko ta asibiti, akan binne ƙarfe mai kusurwa cikin simintin tun yana ɗanye, ya tsare bakin.

Siminti ba bushewa ce take ba shi ƙarfi ba, ruwa ne. Yana haɗuwa da ruwa ya zama kamar dutse, haɗuwar kuwa tana ɗaukar kwanaki. Dole a riƙa zuba masa ruwa safe da maraice har kwana 7, ba ya kuma kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Wanda ya yi rowar ruwa a makon fari, zai ga gefen ɗakinsa yana ɓarɓashi kafin shekara ta zagayo.

Karo da leda

Karo, wanda mutanen Najeriya suke kira tayil, ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan. A nan lissafi yake shigowa. A koma ɗakin nan mai faɗin metir 4. In aka kwantar da sanda miƙaƙƙiya mai tsawon metir 1 a gindin bango, bakunanta biyu suna taɓa bango, za a ga fili tsakanin tsakiyarta da bango, wajen santimetir 6. Hannun yaro yana shiga. In sandar rabin metir ce, filin ba ya komawa santimetir 3 kamar yadda ake tsammani. Santimetir 1 da rabi ne kawai. In an raba tsawo biyu, fili yakan ragu sau huɗu. Gutsure mai santimetir 10 kuwa, filinsa bai kai milimetir 1 ba, ido ba ya ganin sa.

Saboda haka mai sa karo, in zai yi wa kewayayyen bango ɗamara a gindi, yakan yanka karon gajeru-gajeru, ya jera su. Kowane guntu miƙaƙƙe ne, amma jerin duka ya bi bango ya zagaye.

Na ƙasa kuwa, waɗanda ke layin ƙarshe, sai an yanke bakinsu ya bi lanƙwasa. Ba a yanka da ka. Ana samun kwali, a yanka shi girman karo, a kwantar kusa da bango. A ɗauki ɗan guntun katako, a manna gefensa ɗaya da bango, a riƙe fensir a ɗaya gefen. A ja su tare, katako yana bin bango, fensir yana zane a kan kwali. Duk inda bango ya shiga zane ya shiga, inda ya fito zane ya fito. A yanke kwali a kan zanen, a tura shi jikin bango a gani. In ya zauna, sai a ɗora shi kan karo a kwafe. In bai zauna ba, kwali aka ɓata, kwali kuwa ana tsintar sa a bakin kanti. Wannan dabara ta fi awo da igiya, domin bangon laka da hannu aka gina shi, ba ya zama cikakkiyar da'ira. Kowane wuri da irin lanƙwasarsa.

Ledar ɗaki, irin wadda ake shimfiɗa wa amare, ta fi sauƙi. A yanka ta ta fi ɗakin girma, gefenta ya hau bango. Sai a bi gefen da almakashi ana ƴan tsage-tsage, har ta kwanta ba tattara, sa'an nan a datse abin da ya yi saura. Amma leda ba ta gyara mugun daɓe, ɓoye shi kawai take yi. Gara ta fi son ƙarƙashin leda, don akwai duhu da danshi, ba kuma mai ganin ta.

Ƙasashen da ke daɓe da katako

A ƙasashe masu sanyi, kamar Faransa da Kanada da Rasha, da katako ake shimfiɗe ƙasan ɗaki, don ba ya sanyaya ƙafa, dazuzzukansu kuma cike suke da itatuwa. A shekarar 1977 wani kamfani na ƙasar Suwidin mai suna Perstorp ya fito da wani sabon iri. Garin katako ne ake matsewa ya zama falle mai tauri, a manna masa takarda mai hoton katako, a rufe da wani abu mai ƙarfi wanda ba ya saurin ƙujewa. Ana harhaɗa fallayen baki da baki. Ya fi katako na ainihi araha, ya kuwa bazu cikin duniya.

Abin mamaki, su can da gangan suke barin fili a gindin bango. Dalilinsa yana jikin ƙofar kowane aji. Da damina ƙofar katako takan kumbura, sai an sa kafaɗa take rufuwa. Da hunturu ta motse, har ana hango waje ta tsakanin katakan. Katako yana shan danshin iska ya buɗe, ya rasa shi ya tsuke. In aka matse shi da bango, ranar da ya kumbura ba shi da wurin zuwa, sai ya yi tozo a tsakiyar ɗaki. Don haka kafinta yake barin milimetir 8 zuwa 10 a kewaye duka. Sa'an nan ya rufe filin da wani siririn katako a tsaye, ya kafe shi a jikin bango, ba a jikin daɓen ba, don daɓen ya samu ya yi motsinsa a ƙarƙashi.

In bango lanƙwasasshe ne fa? An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma kafinta busasshe yake aiki da shi. Sai ya juya bayan katakon, ya yi ta yanka shi da zarto a gicciye, yanka kusa da yanka, ba tare da ya ratsa ba. Ya bar fuskar ƴar siririya. Yanzu katako ya yi laushi kamar tabarma. In ya naɗa shi a bakin kewayayyen mataki, yankan suna rufewa. In ya bi da shi cikin kewayayyen ɗaki, suna buɗewa. Ko ta yaya dai suna baya, ba mai ganin su. Akwai kuma irin na roba da ake sayarwa, mai lanƙwasuwa da kansa. A bakin mataki kuwa akan sa wani katako mai murzajjen baki, ya rufe kan fallayen.

Irin wannan daɓe bai dace da Dakwaro ba. Gawo da aduwa da bagaruwa da ke gonaki ba su ba da dogon katako, kuma sun fi amfani a tsaye, suna tare iska, suna ciyar da dabbobi. Katakon da kafintoci suke aiki da shi daga ƙasashen kudu manyan motoci suke kawo shi, da tsada. Ga gara tana jira. Ga rairayin da ƙafa take kwasowa, wanda zai goge fuskarsa kamar yadda ake goge ƙwarya. Amma kafintan da ke yi wa kewayayyen zaure benci ko kanta, da kwali da fensir da zarto zai yi aikinsa, daidai da ɗan'uwansa na Suwidin.

Tambayoyi da aiki

1. Don me ake jiƙa gindin bango kafin a sa sabuwar laka?
2. Me ke sa tsaga ta zagaye ɗaki bayan kwana biyu ko uku da yin daɓe?
3. Masu daɓen laka suna toshe gefe, masu daɓen katako suna barin fili. Ku faɗi dalilin kowannensu.
4. Wani kewayayyen ɗaki yana da faɗin metir 5, ƙofarsa santimetir 80. Metir nawa ne gefen da za a gyara? A tuna, ana samun kewayen da'ira in an riɓanya faɗinta da 3,14.
5. Ku kafa turke a filin makaranta, ku ɗaura masa igiya mai metir 2, ku zana da'ira. Ku kwantar da kara mai metir 1 a jikin zanen daga ciki, ku auna filin da ya rage. Ku karya karan biyu, ku sāke aunawa.
6. Ku tambayi iyayenku mata abin da suke jiƙawa don daɓe a garinku, da inda suke samo laka. Ku rubuto amsar da Hausa.